TARIHIN AIKIN LAFIYA A ƘAUYUKANMU: YADDA EKKLESIYA DA GARI SUKA HAƊA HANNU

Ekklesiyarmu tana murnar cika shekara hamsin. Kwamitin shirya wannan biki ya raba aikin rubutu kashi kashi. Waɗansu an ba su tarihin ginin majami'a, waɗansu jerin pastoci da masu bishara da suka yi hidima a nan, ni kuwa aka ce in rubuta a kan aikin lafiya. Na karɓa da farin ciki, gama ekklesiyar nan da Shirin Lafiya na Karkara kusan tsara ɗaya ne, kuma da yawa cikin masu karanta wannan littafi sun tsallake shekara biyar ta farko ta rayuwarsu ta dalilin shirin nan, ba su kuwa sani ba.

ZAMANIN ASIBITIN MISHAN

Kowane ɗan Ekklesiyar 'Yan'uwa ya san cewa ran 17 ga watan Maris, shekara ta 1923, Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujada ta fari a gindin tsamiya a Garkida, a ƙasar Bura, bakin kogin Hawul. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, magani ya shigo tare da bishara tun daga farko. Tun ba su iya harshen Bura sosai ba, mutane suka fara kawo musu masu gyambo da masu ciwon ido. Cikin shekara ta 1924 Likita Homer Burke ya iso. A cikin shekarar nan kuma Ruth, matar Kulp, ta rasu tare da jaririnta, aka binne su a Garkida, aka kuwa sa wa asibitin sunanta. Ke nan asibitinmu na fari ya ɗauki sunan mace wadda haihuwa ta zama ajalinta, irin mutuwar da iyayenmu mata suka sani ƙwarai.

A shekara ta 1929 aka buɗe mazaunin masu kuturta a Virgwi, kusa da Garkida. Mutane suka riƙa zuwa daga kabilu dabam dabam, waɗansu danginsu ne suka kore su, waɗansu tafiyar kwana da kwanaki a ƙafa. A can suka sami magani, suka koyi karatu, da yawa kuma suka ba da gaskiya. Sa'ad da suka warke suka koma gida, sai suka zama masu bishara na fari a garuruwansu, musamman a ƙasar Kamwe wajen Michika. Likita Roy Pfaltzgraff ya yi shekaru masu yawa yana wannan aiki, har sunan Garkida ya zama sananne ga masanan kuturta a duniya. Aka kuma yi asibiti a Lassa a ƙasar Margi, daga baya 'yan'uwa na Mishan Basel suka yi nasu a Ngoshe, gefen duwatsun Gwoza.

Sunan Lassa ya shiga duniya ta hanya mai baƙin ciki. Cikin watan Janairu 1969 wata ma'aikaciyar jinya mai suna Laura Wine, dattijuwa wadda ta ba da kanta ga hidima a asibitin Lassa, ta kamu da wani zazzaɓi wanda ba a san irinsa ba. Aka ɗauke ta da jirgin sama zuwa Jos, a can ta rasu. Masu bincike suka gano sabuwar cuta ce, suka sa mata sunan garin. Daga baya aka gane ɓera ne yake ɗauke da ita, yana barin ta a kan hatsi da abincin da ba a rufe ba.

Kada kowa ya raina abin da asibitocin nan suka yi. An yi wa dubban mutane aiki, an ceci mata masu doguwar naƙuda, an horar da 'ya'yanmu suka zama malaman asibiti da ungozomomi. Amma asibiti yana wuri ɗaya ne, ciwo kuwa yana ko'ina. Wanda yake ƙauye mai nisan mil ashirin ko talatin, sai an ɗaure gado a kan sanduna, maza huɗu su ɗauka, waɗansu huɗu su bi baya domin canji. Da damina in Hawul ko Yedzaram ya kawo, sai a zauna a bakin ruwa ana jira. Babba akan yi masa wannan wahala. Yaro mai gudawa kuwa ba ya jiran a gama shawara, kafin gari ya waye ya tafi. Mu da muka tashi a lokacin mun san gidajen da mace ta haifi takwas ko tara, uku suka rayu. In ƙyanda ta shigo gari da rani, sai a daina ƙirga kaburbura. Har akwai iyayen da ba su sakin zuciya da yaro sai ya wuce ƙyanda.

Likitocin da kansu suka lura da wani abu da ya dame su. Yaron da aka warkar da shi daga tsutsar ciki ko zazzaɓi a watan nan, shi ne za a sāke kawowa bayan wata uku da ciwon nan dai, gama ya koma ya sha ruwan tafkin da ya sha dā. Yawancin cututtukan da suke cika gadajen asibiti irin waɗanda za a iya tsare su tun daga gida ne.

YARJEJENIYAR DA AKA YI DA GARI

A shekara ta 1972 ekklesiyarmu ta tsaya da ƙafafunta. A lokacin ana kiranta Lardin Gabas, sai a 1976 aka ɗauki sunan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Cikin shekarun nan na 1970 ne kuma gwamnati ta karɓi manyan asibitoci da makarantun mishan. Mutane da yawa suka ɗauka aikin lafiya na ekklesiya ya ƙare ke nan. Ashe wata ƙofa ce Ubangiji ya buɗe. A shekara ta 1974 aka fara Shirin Lafiya na Karkara na Lardin Gabas, da cibiyarsa a Garkida, da taimakon 'yan'uwa na Amurka da Turai. Cikin likitocin da suka yi aiki a cikinsa akwai David Hilton, wanda daga baya ya tattara hanyar koyarwar shirin cikin littafi.

Ga yadda abin yake tafiya, ina roƙon matasa su karanta wannan wuri a hankali. Ba a zuwa a gina wa gari ɗakin magani a miƙa masa mabuɗi. Ma'aikatan shirin sukan zo su zauna da mai gari da dattawa, su yi tambaya: wane ciwo ne yake kashe 'ya'yanku, ina kuke ɗiban ruwa, wa yake karɓar haihuwa? Wani lokaci sai an zo sau da yawa kafin a kai ga magana. In gari ya yarda, sai ya kafa kwamitin lafiya nasa. Kwamitin nan shi zai zaɓi mutum biyu daga cikin garin, namiji da mace, waɗanda suka iya karatu da rubutu da Hausa, masu iyali, waɗanda aka san halinsu. Su za a aika Garkida su yi wata uku suna koyo. Gari kuma shi zai gina ɗakin magani da hannunsa, shi zai tara kuɗin fara sayen magani, shi zai san yadda zai riƙe ma'aikatansa. Shirin kuwa nasa shi ne koyarwa, da kawo magani mai kyau a kan kuɗi kaɗan, da zagayawa a duba aiki, da kiran ma'aikata lokaci lokaci su sabunta abin da suka koya.

Akwai hikima cikin zaɓen masu iyali. Da an ɗauki saurayi wanda ya gama firamare, da ya sami takardar shaida sai ya nufi Maiduguri ko Yola neman aiki. Amma mutumin da yake da gona da mata da 'ya'ya a garin, ina za shi? Mace kuma dole ce, gama akwai maganar da mace ba za ta faɗa wa namiji ba ko da ciwon zai kashe ta.

Game da kuɗi, an sha gardama. Waɗansu suka ce, a dā Turawan mishan suna taimakonmu, yanzu don me za a ce mu biya? Waɗansu ma suka ce ba halin Kirista ba ne a karɓi kuɗi a hannun marar lafiya. Amma dattawan da suka fahimta suka tsaya a kan cewa abin da mutum bai sa guminsa a ciki ba, ba ya tsaronsa. Kowa ya karɓi magani yakan ba da ɗan abin da aka yanka, a sa a akwati, ma'ajin kwamiti ya rubuta. Da kuɗin nan ake sāke sayen magani, daga ciki kuma ake ba ma'aikata ɗan abin sabulu. A garuruwa da yawa, da damina akan yi wa ma'aikacin lafiya gayya a gonarsa, domin lokacin da ya kamata ya yi noma yana wurin marasa lafiya. A nan garin ma, bisa ga abin da dattawa suka shaida mini, hannuwan da suka buga tubalin majami'a ta fari su ne suka buga na ɗakin magani, mata suka ɗebo ruwa, matasa suka yanko ciyawar jinka.

Wani abu kuma da ya kamata a rubuta domin 'yan baya: kwamitin lafiya na gari ne, ba na ekklesiya kaɗai ba. Maƙwabtanmu Musulmi sun zauna a ciki, masu bin addinin gargajiya ma sun zauna. Ba a tambayar addinin mutum a ƙofar ɗakin magani, ba a kuwa tambayarsa a bakin rijiya. Sauro bai san wanda ya yi baftisma ba.

Duk sa'ad da na tuna da tsarin nan, sai in tuna da shawarar da Yetro ya ba Musa cikin Fitowa sura 18, cewa kada ya ɗauki dukan kayan jama'a shi kaɗai, ya zaɓi amintattu su ji ƙananan al'amura, manya kaɗai a kawo masa. Haka aka koya wa ma'aikatan ƙauye. An koya musu abin da za su iya, an kuma koya musu iyakarsu. Zazzaɓi, gudawa, tsutsar ciki, ciwon ido, wanke gyambo, waɗannan nasu ne. Amma mace mai zubar jini, ko yaro mai sanƙarewar wuya, ko tari wanda ya ƙi jin magani, sai a tura gaba ba tare da ɓata lokaci ba.

KOYARWA DA LABARI

Abin da ya fi sa aka san shirin nan a waje shi ne hanyar koyarwarsa. Ba a cika allo da manyan kalmomi ba. Masu koyarwa sun lura cewa mutanenmu, in ka yi musu lacca sukan gyaɗa kai don ladabi su manta, amma in ka ba su labari, har jikoki za su ji shi. Saboda haka aka mai da kowane darasi labari. Ɗalibi zai ji labarin, ya maimaita shi da bakinsa, sa'an nan su tashi su yi wasan kwaikwayonsa, su kuma ƙaga masa waƙa da harshensu, ko Bura, ko Margi, ko Kilba, ko Kibaku.

Labaran sukan tafi kamar haka. Ga mata biyu maƙwabta, 'ya'yansu suka kamu da gudawa rana ɗaya. Ta fari ta bi abin da ta gada, ta hana yaron ruwa domin wai cikin ya tsaya, sai maɗigarsa ta faɗa, idanunsa suka zurma. Ta biyu ta tafasa ruwa, ta sa gishiri kaɗan da sukari, tana ba shi kurɓi kurɓi dare farai, ba ta kuwa daina ba shi nono ba. Mai ba da labari ba ya faɗin ƙarshen darasin. Sai ya tambayi jama'a, me ya kashe ɗan wannan, me ya ceci ɗan waccan? Tsofaffin mata su yi ta gardama har su kai ga amsar da kansu. Ba a zagi kowa ba, ba a ce wa kaka al'adarta jahilci ce ba, amma ta tafi gida da sabon tunani. Mu masu wa'azi bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, gama Ubangijinmu da misalai ya koyar, da labarin mai shuka da na tunkiyar da ta ɓata. Ni dai a ganina, da yawa cikin ma'aikatan lafiyan nan sun fi waɗansunmu pastoci iya riƙe hankalin jama'a.

Ta wannan hanya aka koyar da haƙa masai da rufe shi, da rufe abinci saboda ƙuda da ɓera, da ƙara gyaɗa ko wake cikin kunun yaro lokacin yaye domin kada ya yi tamowa. Aka koya wa ungozomomin gargajiya su wanke hannu da sabulu, su yanke cibiya da sabuwar reza, kada a shafa mata toka ko ƙasa. Wannan kaɗai ya rage jariran da suke sandarewa su mutu cikin mako na fari. Zumuntar Mata ta ɗauki waƙoƙin ta kai su gidan suna da gidan biki. Ranar awo kuma, in masu allurar rigakafi za su zo, daga bagade ake sanarwa ran Lahadi, mai gari kuma ya sa a yi shela da yamma.

Da aka ga koyarwa a kan ruwa mai tsabta ba ta da amfani in babu ruwan, sai ekklesiya ta ƙara da aikin rijiyoyi, a kan irin yarjejeniyar nan dai. Gari ya kawo yashi da tsakuwa da masu haƙa, ya ciyar da magina, shiri ya kawo siminti da gwani.

SA'AD DA DUNIYA TA BIYO WANNAN HANYA

Cikin watan Satumba 1978 ƙasashe 134 suka taru a Alma-Ata, a Tarayyar Sobiyat ta dā, ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF. Suka amince cewa lafiyar talakawa ba za ta samu ta wurin manyan asibitoci kaɗai ba, sai an kai kiwon lafiya matakin farko inda mutane suke, jama'a kuma su sa hannu cikin tsara shi. A lokacin ƙauyukanmu sun riga sun yi shekara huɗu suna yin haka. Hukumar lafiya ta Majalisar Ekklesiyoyin Duniya a Janeba ta buga labarin Lardin Gabas cikin mujallarta, baƙi kuma suka riƙa zuwa Garkida daga waɗansu ƙasashe su ga yadda ake yi. A Nijeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya tsaya tsayin daka a kan wannan tafarki. A 1987 kuma ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako suka yarda da tsarin asusun magani mai juyawa a hannun jama'a, wato akwatin nan namu.

Manyan nasarori biyu da idanunmu suka gani, da wannan hanya aka same su. Sa'ad da aka ƙirga masu kurkunu a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980, an sami fiye da mutum 650,000. Kurkunu ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyoyi, da 'yan sa-kai na ƙauye masu hana mai ciwon shiga tafki aka yaƙe shi, da taimakon cibiyar Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon. An ga na ƙarshe a 2008, a 2013 kuma aka ba ƙasar shaidar rabuwa da shi. Haka kuma makantar da ƙudan bakin kogi yake kawowa, wadda ta addabi kwarin Hawul har aka bar gonaki masu kyau. Daga 1987 kamfanin Merck ya ba da maganin Mectizan kyauta, amma mutanen da gari ya zaɓa su ne suka bi gida gida da sandar awon tsawo suna rabawa kowace shekara. Yaranmu na yau ba su saba ganin yaro yana jan jerin makafi da sanda ba.

INDA BANGO YA TSAGE

Tarihi na gaskiya ba ya ɓoye rauni. Ba kowane gari ne ya riƙe amanar ba. Na yi hidima a wurare dabam dabam, na kuwa ga yadda ɗakin magani yake mutuwa, kusan kullum ta hanya ɗaya. Da fari bashi ne. Wani babba ya karɓi magani ya ce sai kaka, ma'aikaci ya ji nauyin tambayarsa, na biyu ya gani ya yi haka. Sa'an nan a ari kuɗin akwati domin wata hidima, da nufin za a mayar. Kwamiti ya daina zama domin kowa yana jin kunyar kowa. Ran da mota ta kawo magani babu abin biya, sai kanta ta zama wayam, ma'aikaci ya koma gonarsa, jinka ta zube. Inda kwamiti yake zama kowane wata, ana karanta lissafi a gaban jama'a, aikin ya daɗe. Inda aka bar wa mutum ɗaya, ko da mai tsoron Allah ne, bai daɗe ba.

Daga waje ma wahala ta zo. Tun daga 1986 darajar Naira ta yi ta faɗuwa, kuɗin da aka tara da kaka ba ya sayen rabin maganin da ya saya bara. Masu tallar ƙwayoyi a kasuwa suka yawaita, suna ba mutum abin da yake so, allura ko kafso, ba tambaya ba koyarwa. Klorokwin wanda muka dogara gare shi ya daina kashe zazzaɓi, har gwamnati ta canza magani a 2005. Taimakon ƙasashen waje kuma ya ragu.

Sa'an nan babbar masifa ta zo. Ba sai na ba ku labarin shekara ta 2014 ba, da 'yan matan Chibok cikin watan Afrilu, da faɗuwar Mubi da hedkwatarmu ta Kwarhi cikin watan Oktoba. An ƙone majami'u da ɗakunan magani tare, jama'a suka watse zuwa Yola, Jos, Abuja da Kamaru. Cikin watan Fabrairu 2020 aka kai wa Garkida kanta hari, wuta ta taɓa har makarantar horar da ma'aikatan lafiya. Amma waɗanda suka yi gudun hijira sun shaida cewa a kan duwatsu da cikin sansani, inda babu likita, matan da suka koyi haɗa ruwan gishiri da sukari da karɓar haihuwa da hannu mai tsabta sun ci gaba da yi. An ƙone ginin, abin da aka koya da labari da waƙa kuwa ya tafi tare da mutane.

ABIN DA YAKE GABANMU

Yau abubuwa sun canza. Akwai asibitin gwamnati kusa da mu fiye da dā, akwai babur da waya, cikin 'ya'yan ekklesiyar nan akwai likitoci da ma'aikatan jinya. Cututtuka ma sun ƙaru da waɗansu: hawan jini, ciwon sukari, shaye-shayen matasa, da ciwon zuciya na waɗanda suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba. Amma zazzaɓin cizon sauro yana nan, gudawa tana nan, mata kuma har yanzu suna mutuwa a hanyar asibiti saboda an makara neman mota.

Kwamitin lafiya na garin nan ya daɗe bai zauna ba. Waɗanda aka aika Garkida da fari, waɗansu sun huta cikin Ubangiji, waɗanda suka rage ƙarfinsu ya ƙare, ba a kuwa aiki kowa ya gāje su ba. Murfin rijiyar da iyayenmu suka haƙa ya tsage tun bara waccan. Na kawo maganar nan gaban majalisar ekklesiya, sun kuwa yarda cewa bayan an gama girbi za a je wurin mai gari, a gayyaci limamin masallaci da shugabannin mata da na matasa, a sāke kafa kwamitin. Za a bukaci mutum biyu, namiji da mace, waɗanda za su yarda a horar da su su kuma zauna a garin, da ma'aji wanda zai karanta lissafi a fili kowane wata, da asusun ɗaukar mace mai naƙuda zuwa asibiti ko da tsakar dare. 'Ya'yanmu na birni da suka zo bikin nan, musamman ma'aikatan lafiya, sakataren ekklesiya yana da littafin da za ku rubuta sunayenku da irin taimakon da za ku iya, kafin ku koma.